Mazauna Ƙarƙashin Sawunmu: Tarihin Yadda Masana Suka Yi Ta Ƙidayar Ƙananan Halittun Ƙasar Noma

  Yau za mu sunkuya ne mu dubi ƙasar da muke takawa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tsakar gida ranar da ruwan farko ya sauka ya san ƙamshin nan da ke tasowa daga ƙasa. Ba ruwan ne ke da ƙamshin ba, ba kuma yashin ba ne. Yawancinsa wani sinadari ne da ake kira jiyosmin, wanda wasu bakteriya 'yan dangin Streptomyces da ke zaune cikin ƙasa suke fitarwa. Masana biyu a jami'ar Rutgers ta Amurka, Gerber da Lechevalier, su suka ware shi suka raɗa masa suna a 1965. Wato hancinmu ya daɗe da sanin akwai masu rai a cikin turɓaya tun kafin idonmu ya gan su.

Giram ɗaya na ƙasa mai kyau, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, yana iya ɗaukar bakteriya da suka kai biliyan guda, ban da dangin naman gwari da sauran ƙananan halittu. Tambayar da ta sha kan masana fiye da shekara ɗari ita ce: su waye waɗannan, kuma iri nawa ne? Tarihin neman amsar yana da darasi guda da ya yi ta maimaita kansa. Kowace dabara aka ƙirƙiro, waɗanda suka dace da ita kaɗai take nunawa, sai masu amfani da ita su ɗauka sun ga kowa da kowa.

FARANTIN KOCH

Wanda ya fara ganin bakteriya da idonsa ba malamin jami'a ba ne. Wani mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda ke goge ƙananan gilasai da hannunsa yana haɗa madubin ƙara girman abu. A 1676 ya aika wa ƙungiyar masana ta Landan wasiƙa yana bayanin wasu 'yan mitsi-mitsin halittu da ya gani suna yawo a ruwan sama da ruwan da ya jiƙa barkono. Amma gani daban, sani daban. A ƙarƙashin madubi bakteriya kusan siffa uku ce da su: masu kama da ƙwallo, masu kama da sanda, da masu murɗewa. Iri dubu za su iya yin kama ɗaya.

Sai bayan shekara kusan ɗari biyu likitan nan na Jamus, Robert Koch, ya samo hanyar rarrabe su. A 1881 ya nuna cewa idan aka shimfiɗa abinci mai ƙarfi aka watsa ƙwayoyin a kai nesa da juna, kowace ƙwaya za ta hayayyafa a inda ta faɗi har ta zama tsibi da ido ke iya gani, kuma duk 'yan tsibin jinsi ɗaya ne. Da farko da jelatin yake amfani, sai dai jelatin na narkewa in ya ji ɗumi, wasu bakteriyar ma cinye shi suke yi. Matar wani abokin aikinsa, Fanny Hesse, ita ta kawo shawarar a gwada aga, wani abu da ake samu daga ciyawar teku wanda take daskarar da kayan zaƙi da shi a madafarta. A 1887 kuma Julius Petri ya kawo farantin gilashi mai murfi wanda har yau sunansa yake amsawa.

Masu nazarin ƙasar noma suka karɓi dabarar hannu bibbiyu. A ɗebi ƙasa, a dama ta da ruwa, a yi ta tsarma ruwan kashi goma-goma, a zuba kaɗan a faranti, a jira kwana biyu ko uku, a ƙirga tsibin da suka fito. Duk ɗalibin da ya karanta ilmin ƙananan halittu a jami'o'inmu ya yi wannan aikin da hannunsa.

Ga inda gizo ke saƙar. A ce mutum yana son sanin yawan mutanen Kano, sai ya dafa tukunyar shinkafa ya ajiye a bakin ƙofar gari, ya ce duk wanda ya zo ci shi ne ɗan gari. Majiya ƙarfi masu jin yunwa za su zo su wawashe. Tsofaffi masu tafiya a hankali, da masu azumi, da waɗanda ba sa cin shinkafa, da waɗanda ba sa fita sai da rakiya, duk ba za su shiga lissafi ba. Abincin faranti an tsara shi ne don ƙwayoyin cuta da suka saba da jikin mutum mai maiƙo da ɗumi. Yawancin mazauna ƙasa kuwa da yunwa suka saba.

MUTANE BIYU DA SUKA CANZA TUKUNYA

Manomanmu sun daɗe da sanin cewa gonar da aka yi wake ko gyaɗa a cikinta tana gyaruwa, shi ya sa suke haɗa wake da gero ko dawa. Dalilin hakan ya fito fili a 1886, lokacin da Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka nuna cewa 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar irin waɗannan tsirrai su ke kamo naitirojin daga iska. A 1888 Martinus Beijerinck, shi ma a garin Delft, ya ware bakteriyar da ke zaune cikin ƙullen, wadda daga baya aka sa wa suna Rhizobium.

Beijerinck ya shahara da wata hikima mai sauƙi. Maimakon a dafa wa kowa abinci ɗaya, a shirya yanayin da wanda ake nema kaɗai zai iya rayuwa a ciki. Kana neman mai kamo naitirojin daga iska? To, ka haɗa abinci da babu naitirojin ko ɗigo a cikinsa, ka zuba ƙasa, duk wanda ya yi ƙiba a ciki shi ne. Da haka ya gano Azotobacter a 1901.

Na biyunsu shi ne Sergei Winogradsky, haifaffen birnin Kiyef a 1856. A 1887 ya nuna cewa akwai bakteriyar da ke samun ƙarfinta daga sinadarin farar wuta, abin da ba a taɓa zato ba. Bayan nan, a birnin Zurik, ya kama waɗanda ke mayar da amoniya ta zama naitiret, wato abincin da saiwar shuka ke sha. Masana da dama sun neme su sun gaza, saboda abincin farantin Koch ɗin ne ma ke hana su girma. Shi kuwa ya ba su ruwan gishirin ma'adinai zalla, suka fito.

Winogradsky ya ajiye bincike ya koma gonarsa shekaru da yawa. Juyin juya halin Rasha ya raba shi da dukiyarsa, ya yi hijira, sai a 1922, yana da shekara 66, Cibiyar Pasteur ta ba shi wurin aiki a wani ƙaramin gari kusa da Faris. A nan ne ya shiga yi wa abokan sana'arsa gargaɗi, cewa halin da bakteriya ke nunawa ita kaɗai a faranti ba shi ne halinta a cikin ƙasa ba, inda take gogayya da maƙwabta. Ya raba mazauna ƙasa gida biyu: 'yan asalin wuri masu rayuwa a hankali kan ɗan abin da ya samu, da 'yan cin rabo waɗanda ke yin tururuwa da zarar an zuba taki ko ganye ya ruɓe, su lafa idan ya ƙare. Faranti, in ji shi, 'yan cin rabon yake nunawa.

Wasu suka ce to a koma ga ido. A 1918 H. J. Conn a jihar Niyok ya shafa ruwan ƙasa a gilashi, ya rina shi, ya ƙirga ƙwayoyin kai tsaye a madubi. Giacomo Rossi a Italiya da Nikolai Cholodny a Kiyef kuma suka riƙa binne gilashi cikin ƙasa na wasu makonni, sannan su tono su ga yadda halittun suka zauna a jikinsa. Duk wanda ya gwada sai ya tarar da abu ɗaya: abin da madubi ke ƙirgawa ya ninka abin da ke tsirowa a faranti sau ɗari, wani lokaci fiye da haka. A 1985 Staley da Konopka suka ba wa wannan giɓi sunan da ya bi shi, wato babban saɓanin ƙidayar faranti. Madubi ya ce jama'a na nan da yawa, amma bai iya faɗin sunan kowa ba.

ABIN DA AKA SAMU DAGA KASHI ƊAYA CIKIN ƊARI

Kada wannan ya sa a raina faranti, domin rayukan da ya ceta ba su ƙirguwa. Selman Waksman, wanda shi ma daga yankin Kiyef ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1910, ya kwashe shekaru a Rutgers yana nazarin dangin nan masu ƙamshin damina. Dabararsa ita ce a shuka halittar ƙasa kusa da ƙwayar cuta a faranti ɗaya, a duba ko za a ga fili fayau a tsakaninsu, alamar cewa ɗaya na fitar da gubar da ke kashe ɗayar. A watan Oktoba na 1943 ɗalibinsa Albert Schatz, ɗan shekara 23, ya samo sitireftomaisin daga Streptomyces griseus, maganin farko da ya yi tasiri kan tarin fuka. Schatz sai da ya kai malaminsa kotu a 1950 kafin a amince da shi a matsayin abokin ganowa, amma lambar Nobel ta 1952 Waksman kaɗai aka ba.

Akwai misalin da ya taɓa mu kai tsaye. A farkon shekarun 1970 Satoshi Omura na Japan ya ɗebo ƙasa daga gefen wani filin wasan golf, ya shuka abin da ke cikinta. Daga wannan halitta William Campbell da abokan aikinsa a kamfanin Merck suka samar da ibamektin, wanda tun 1987 ake raba shi kyauta da sunan Mectizan don yaƙi da cutar makantar da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa. An raba shi a ƙauyuka da dama na arewacin Najeriya. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Jamhuriyar Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da cutar, bayan shekaru na feshin ƙudan da rabon wannan magani. Omura da Campbell sun samu Nobel a 2015.

Sai dai rijiyar ta fara ƙafewa. Mafi yawan dangogin maganin kashe bakteriya da muke sha yau tsakanin shekarun 1940 da 1960 aka gano su. Bayan nan kamfanoni suka yi ta ɗebo ƙasa daga ko'ina a duniya, suna sake gano magungunan da aka riga aka sani, saboda baƙin da ke zuwa cin shinkafar ba su canza ba. A ɗaya gefen kuma ƙwayoyin cuta na ta koyon bijire wa magani. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda wannan bijirewa, kuma in an auna da yawan jama'a, yankin Afirka ta Yamma ne abin ya fi yi wa ɓarna. Don haka sanin sauran kashi 99 ɗin ba wasan malamai ba ne.

KARATU MAIMAKON SHUKA

Mabuɗin ya fito daga wani wuri da ba a zata ba. Carl Woese na jami'ar Ilinoi ba ƙasar noma ce ta dame shi ba, salsalar halittu yake nema. Ya lura cewa akwai wani yanki na kundin gado, mai suna 16S, da kowace bakteriya ke ɗauke da shi, tsawonsa haruffa kusan 1,500. Wasu sassansa iri ɗaya ne a wurin kowa, wasu kuma sun bambanta daga jinsi zuwa jinsi, kamar yadda tsagen fuska ke nuna gidan da mutum ya fito. A 1977 shi da George Fox suka sanar da cewa wasu halittun da ake ɗauka bakteriya ne ashe wani babban reshe ne na daban, waɗanda yau ake kira arkiya.

A tsakiyar shekarun 1980 Norman Pace da ɗalibansa suka ɗauki matakin da ya sauya komai. Tunda tsagen na nan a jikin kowa, me zai sa sai an shuka halitta kafin a san ta? A ɗebo samfuri daga inda take zaune, a fasa ƙwayoyin, a fitar da DNA, a karanta. Dabarar PCR da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, wadda ke kwafar guntun DNA sau miliyoyi cikin 'yan sa'o'i, ta sauƙaƙa aikin.

Ƙasar noma ta fi ruwa taurin kai, domin ruɓaɓɓen ganyen da ke cikinta na manne wa DNA ya ɓata gwaji. Wata masaniya a jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe, Vigdis Torsvik, ita ta fara shawo kan wannan a 1980. A 1990 ita da abokan aikinta suka yi wani gwaji mai wayo. Idan aka ɗumama DNA, igiyoyinsa biyu na rabuwa, in ya huce kowace ta nemi abokiyarta. In jinsunan kaɗan ne, nan da nan suke haɗuwa. In suna da yawa, sai an daɗe, kamar neman ɗan uwa a cikin taron hawan sallah. Daga tsawon lokacin da DNA na ƙasar wani daji ya ɗauka, suka lissafa cewa akwai kundin gado daban-daban kusan 4,000 a cikin samfurin, adadin da ya yi kusa da dukkan jinsunan bakteriyar da aka taɓa raɗa wa suna a lokacin.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A 1998 Jo Handelsman da abokanta suka fito da kalmar metajinom, wato a ɗauki kundin gadon dukkan mazauna wuri a karanta shi tamkar littafi ɗaya. Daga 2005 sabbin injunan karanta DNA suka karya farashin aikin. Abin da ya bayyana ya rushe zato da dama. Dangin Acidobacteria, waɗanda sai a 1991 aka bayyana na farkonsu, ashe suna cikin mafi yawa a ƙasar noma ta duniya. A 2006 aka gano cewa a ƙasashe da yawa arkiya masu sarrafa amoniya sun fi bakteriyar Winogradsky yawa, bayan an shafe fiye da shekara ɗari ana koyar da cewa aikin nasu ne su kaɗai. A wannan shekarar dai Fierer da Jackson suka auna samfuri 98 daga Amurka ta Arewa da ta Kudu, suka tarar cewa tsamin ƙasa ne ya fi komai yanke yawan jinsunan da ke cikinta. Ƙasar dajin Amazon, duk da yawan bishiyoyi da tsuntsayensa, ta zo a baya saboda tsaminta, yayin da ƙasar wasu busassun wurare ta fi ta arziki. A 2018 kuma wani nazari na wurare 237 a nahiyoyi shida ya nuna cewa iri kusan 500 kacal su ne kusan rabin bakteriyar da aka samu, kuma yawancinsu ba a taɓa shuka su a faranti ba.

ITA MA SABUWAR DABARAR DA NATA MAKAFIN WURARE

An so a sake faɗawa ramin da aka faɗa zamanin Koch, a ɗauka yanzu kam an ga kowa. Amma DNA rajista ce, kuma mu nan mun san halin rajista: sunan wanda ya mutu na iya daɗewa a cikinta. Wani bincike na 2016 ya nuna cewa a matsakaici kusan kashi 40 cikin ɗari na DNA ɗin da ake cirowa daga ƙasa na matattun ƙwayoyi ne. Da yawa daga masu ran ma barci suke, suna jiran damina. Wasu ƙwayoyin ɓawonsu na da tauri ba sa fashewa, don haka ba sa shiga lissafi. Kuma ko da ka san sunan mutum da gidansu, ba ka san sana'arsa ba sai ka zauna da shi.

Wannan ya mayar da masana ga shuka, amma da tarbiyyar Winogradsky. A 2002 Peter Janssen a birnin Melbon na Ostireliya ya nuna cewa in aka rage maiƙon abincin sosai aka yi haƙurin jira na watanni maimakon kwanaki, da yawa daga waɗanda ake cewa ba sa shukuwa suna fitowa. A birnin Boston kuma Slava Epstein da Kim Lewis suka ƙera wani ɗan allo mai ɗaruruwan ramuka da suka kira iChip. A sa ƙwaya ɗaya a kowane rami, a rufe da fata mai ƙananan ƙofofi, a mayar da allon cikin ƙasar da aka ɗebo su. Halittar na tsare, amma abincin gidansu da saƙon maƙwabtanta na shigo mata. A 2015 suka sanar da samun wani sabon sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta, teksobaktin, daga wata bakteriya da aka ɗebo a wani filin ciyawa a jihar Maine. Har yanzu bai kai kantin magani ba, amma ya tabbatar da cewa rijiyar ba ƙafewa ta yi ba, gugarmu ce gajera.

INA TAMU ƘASAR?

Idan aka dubi taswirar wuraren da aka ɗebi samfurin waɗannan manyan nazarce-nazarce, Turai da Amurka ta Arewa cike suke da ɗigo, Afirka kuwa fili ne mai yawa. Jigawa da fadama, da laka ta bakin tafkin Cadi, da ƙasar da ke shan zafin bazara wata da watanni babu ɗigon ruwa sannan ta farfaɗo cikin kwana biyu, duk suna da mazaunan da suka koyi dabarun da na ƙasashen sanyi ba su buƙata ba. Ana ƙoƙari a wurare irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da cibiyar IITA, wadda ke haɗa garin Rhizobium mai suna Nodumax da ake cuɗa irin waken suya da shi kafin shuka. Amma aikin da ya rage ya fi wanda aka yi yawa, kuma zaizaya da ƙonon daji da gine-gine ba sa jiran a gama ƙidaya.

Ga ɗalibanmu da ke cikin zauren nan masu rubuta kundin kammala karatu da faranti da aga: aikinku na da daraja, da irinsa aka samo maganin tarin fuka. Sai dai in kun zo rubuta sakamako, ku ce ga abin da ya tsiro a abinci kaza cikin kwana kaza, kada ku ce ga abin da ke cikin ƙasar. Tsakanin waɗannan jimloli biyu ne duk tarihin nan yake.

Ga sauranmu kuma, akwai gwajin da ba ya buƙatar ɗakin bincike. Idan damina ta yi nisa, a tumɓuke gindin wake ko gyaɗa ɗaya, a wanke saiwar, a fasa ɗaya daga ƙulle-ƙullen da farce. In cikinsa ja-ja ne, masu kamo naitirojin na kan aiki. In fari ne ko kore, ba sa yi. Wanda ya gwada ya ɗauko mana hoto ya faɗa mana garin da irin ƙasar gonar.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.